Godzilla: Dodon da Japan Ke Ɗora wa Tsoronta

Da asubar ranar 1 ga Maris 1954, masunta 23 suna cikin wani jirgin katako mai suna Daigo Fukuryu Maru a tsakiyar tekun Fasifik, suna jiran lokacin janye ƙugiyoyinsu, sai suka ga gari ya waye ta yamma. Bayan minti bakwai ko takwas ƙara ta iso. Amurka ce ta gwada bam ɗin haidurojin a tsibiran Bikini, kimanin kilomita 160 daga inda suke. Masana sun yi lissafin ƙarfinsa zai tsaya wajen megaton 6, sai ya ba da 15, kusan ninkin na Hiroshima sau 1,000. Da hantsi ya yi, wata farar toka ta fara zubo musu daga sama, ta shafe sa'o'i tana zuba, ta shiga ido da hanci, ta kwanta a bisa jirgi har sawun ƙafa na fitowa. Ɗaya daga cikinsu, Oishi Matashichi, ya ɗanɗana ta da harshe, ya ji tsakuwa-tsakuwa, babu ɗanɗano. Murjani ne da bam ya niƙe, ɗauke da gubar nukiliya.

Kafin su isa gida tashar Yaizu ranar 14 ga wata, fata ta saɓule, gashi na zuba. An riga an sauke kifinsu an kai kasuwa kafin a gane abin da ke ciki. Jaridar Yomiuri ta fasa ƙwai ranar 16 ga Maris, ƙasa ta ɗauka. Ma'aikatan lafiya suka bazu tashoshin ruwa da na'urar auna guba suna bin kifin tuna ɗaya bayan ɗaya, aka haƙa rami a kasuwar Tsukiji ta Tokiyo aka binne wanda ya gurɓata. Kafin shekarar ta fita an samu gurɓataccen kifi a jirage sama da 800, an zubar da fiye da tan 400. A ƙasar da kifi ne cefanen kullum, wannan ya shiga kowane gida. Matan aure na unguwar Suginami suka fara yawo da takardar neman a haramta makaman ƙare-dangi, kuma zuwa Agustan 1955 mutum sama da miliyan 30 sun sa hannu. Mai kula da rediyon jirgin, Kuboyama Aikichi, ya rasu ranar 23 ga Satumba yana da shekara 40.

Mako shida bayan rasuwarsa, ranar 3 ga Nuwamba, kamfanin Toho ya saki wani fim a gidajen sinima na ƙasa. Farkon abin da mai kallo ke gani shi ne ma'aikatan jirgin ruwa suna hutawa, wani na kaɗa jita, sai haske ya tsage teku ya cinye su. Babu ɗan Japan da ya buƙaci a yi masa bayani. Sunan fim ɗin Gojira, wanda duniya ta fi sani da Godzilla.

Yadda aka yi fim ɗin ya samu ma abin dariya ne. Furodusa Tanaka Tomoyuki ya je Jakarta ne don wani fim na haɗin gwiwa da Indunusiya, sai gwamnatin ƙasar, wadda ba ta manta da mamayar sojan Japan ba, ta hana taurarinsa biza. Ya dawo da giɓi a jadawalin kamfani, dole a cike. A lokacin an sake haska King Kong na 1933 an yi ciniki sosai, kuma Amurkawa sun fitar da The Beast from 20,000 Fathoms a 1953, labarin wata dabbar zamanin da wadda gwajin bam ya tasa daga barci. Tanaka ɗan kasuwa ne, ya ga kasuwa. Mutanen da ya ɗauko su ne suka mayar da abin wani abu dabam.

Darakta Honda Ishiro ya yi shekaru a soja a ƙasar Sin, ya zama fursunan yaƙi, kuma a hanyarsa ta komawa gida a 1946 ya bi ta Hiroshima ya ga abin da ya rage. Mai haɗa dabarun hoto, Tsuburaya Eiji, shi ne ya gina tashar Pearl Harbor ta ƙarya, 'yar ƙarama, don fim ɗin farfagandar yaƙi na 1942, aikin da ya sa hukumomin mamaya na Amurka suka raba shi da sana'arsa na wasu shekaru. Tsuburaya ya so ya motsa dodon da dabarar King Kong, wato a sassaƙa 'yar tsana, a riƙa gusa ta kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto ɗaya-ɗaya. Da aka lissafa shekarun da hakan zai ci, sai aka koma ga abin da hali ya bayar: a ɗinka riga, a sa mutum a ciki, a gina Tokiyo da katako da filasta, kowane gini kashi ɗaya cikin 25 na girmansa, ya bi ta kai ya tattake.

Wanda ya shiga rigar shi ne Nakajima Haruo, saurayi ɗan shekara 25. Rigar farko ta kai kilo 100, an yi ta da gora da waya da wata roba mai tauri, ga fitilun ɗaukar hoto suna gasa ta. Ta 'yan hudoji a wuyan dodon yake gani yake numfashi, minti kaɗan yake iya yi a ciki, in an fito da shi sai an tsiyaye gumi daga ƙafafun rigar. Don ya koyi tafiyar abu mai nauyi, gidan namun daji na Ueno ya riƙa zuwa yana kallon giwaye da sauran manyan dabbobi. Ana ɗaukarsa da kyamara mai gudu, in an rage gudun sai kowane taku ya zama na ƙato mai tsawon mita 50. Rurin kuwa aikin mawaƙi Ifukube Akira ne da mutanensa: safar hannu ta fata aka shafa wa ƙaro, aka goga a tsirkiyar babban gogen Turawa, aka rage saurin sautin. Nakajima ya ci gaba da shiga rigar har 1972, fim 12. Wannan sana'a ta ƙananan birane da mutum cikin riga ita ce ta haifi Ultraman da dangoginsa daga baya.

Wanda ya zauna kallon fim ɗin 1954 yana jiran wasan yara zai sha mamaki. Baƙi da fari ne, mai nauyi, dariya ba ta da wurin zama a cikinsa. A cikin jirgin ƙasa wata mata tana mita a kan gurɓataccen kifi, tana cewa da ƙyar ta tsira a Nagasaki ga kuma wannan, wani na kusa da ita yana ƙorafin za a sake komawa ramukan ɓuya. A majalisa 'yan siyasa na cacar baki a kan ko a faɗa wa jama'a cewa gwajin bam ne ya taso dodon, wani na cewa a rufe don kada a ɓata hulɗa da ƙasashen waje, wata 'yar majalisa na daka masa tsawa. Daren da dodon ya shiga Ginza, kyamara ta tsaya a kan wata uwa da ta rungume 'ya'yanta a gindin bango, wuta na ci, tana lallashinsu da cewa saura kaɗan su je wurin babansu. Washegari a asibiti likita ya kara na'ura a jikin yaro, ta yi ƙara, ya dubi abokiyar aikinsa bai ce komai ba. Masu kallon nan shekara 9 kacal ke nan da daren 10 ga Maris 1945, lokacin da jiragen Amurka suka ƙone gabashin Tokiyo, mutum kusan 100,000 suka mutu kafin gari ya waye.

Me ya sa sai ta bakin dodo? Daga 1945 zuwa Afrilun 1952 hukumomin mamaya suna tace jaridu da finafinai, maganar abin da bam ya yi wa jikin mutane tana cikin abubuwan da aka danne. Sai a Agustan 1952 mujallar Asahi Graph ta buga hotunan waɗanda suka ƙone, mutane da yawa suka gan su karon farko. Bayan an ɗage takunkumi an yi finafinai na kai-tsaye. Shindo Kaneto ya yi ɗaya a kan yaran Hiroshima a 1952, ƙungiyar malaman makaranta ta ɗauki nauyin wani a 1953 wanda manyan masu rarraba fim suka yi wa kunnen uwar shegu, kuma a 1959 Shindo ya yi fim a kan masuntan nan su kansu, bai yi kasuwa ba. Gojira kuwa ya sayar da tikiti kusan miliyan 9.6. Masu sharhi da dama sun yi masa tofin Allah tsine, suka ce cin kasuwa ne da masifar mutane. Amma jama'a sun nuna cewa sun fi iya kallon abin da ya same su idan an sa masa wutsiya da haƙora, kuma ba a ambaci sunan wanda ya jawo shi ba. Amurka na nan cikin kowane lungu na labarin, amma ba a nuna ta da yatsa.

Ƙarshen fim ɗin ma ba na murna ba ne. Wani matashin masani, Serizawa, wanda yaƙi ya ci wa ido ɗaya, ya ƙirƙiro makamin da zai iya kashe dodon, amma yana tsoron abin da 'yan siyasa za su yi da shi. Ya ƙone takardunsa, ya nutse ƙarƙashin teku da makamin, ya yanke igiyarsa don sirrin ya mutu tare da shi. Tsohon masani Yamane, wanda Shimura Takashi ya fito a matsayinsa a shekarar da ya ja ragamar Seven Samurai na Kurosawa, ya rufe da gargaɗin cewa muddin ana gwajin bam wani dodon zai sake fitowa.

Amurkawa ba su ji wannan gargaɗi ba, domin an yanke shi. 'Yan kasuwar da suka sayi fim ɗin sun fitar da shi a 1956 da sunan Godzilla, King of the Monsters!, suka cusa Raymond Burr a matsayin ɗan jaridar Amurka da ke ba da labari, suka cire hirar jirgin ƙasa da mafi yawan maganar bam. Sai a 2004 aka zagaya da na asalin a gidajen sinima na Amurka. Ba wai Holiwud ba ta da nata tsoron ba ne. A 1954 ɗin ta yi Them!, inda gwajin bam a hamadar New Mexico ya haifar da manyan tururuwa, amma a can soja da jami'an gwamnati ne ke gama da matsalar, a koma gida lafiya. A Tokiyo tankoki da jiragen rundunar kare kai, wadda aka kafa a Yulin shekarar, ko gezau ba su sa dodon ya yi ba.

Daga nan sai ƙasa ta yi kuɗi, dodo ya yi laushi. A cikin watan nan na Maris 1954 da toka ta zubo, majalisar Japan ta karɓi kasafin kuɗinta na farko na binciken nukiliya, yen miliyan 235, bisa jagorancin wani matashin ɗan siyasa, Nakasone Yasuhiro, kuma jaridar da ta tona labarin masuntan ita ce ta ɗauki nauyin baje kolin "nukiliya don zaman lafiya" a 1955. Yaran zamanin sun tashi da Tetsuwan Atomu na Tezuka Osamu, yaron ƙarfe mai kirki da ke aiki da makamashin nukiliya, wanda ya hau talabijin a 1963. A King Kong vs. Godzilla na 1962, wanda ya fi kowane fim na jerin tara 'yan kallo a Japan, abin zolaya shi ne kamfanin magani da ke neman dodo don tallar talabijin. A 1964, shekarar gasar Olamfik ta Tokiyo da jirgin ƙasa mai gudun tsiya, Godzilla ya juya ya kare duniya daga wani dodo mai kai uku da ya zo daga sararin samaniya. A 1967 har ɗa aka ba shi. Dalilin bai wuce aljihu ba: a 1958 an sayar da tikitin sinima sama da biliyan 1.1 a Japan, zuwa 1970 talabijin ta mayar da shi ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na haka, yara ne suka rage, su aka bi.

Ko a wannan zamani na wasa, abin da ke damun gari yana leƙowa. Fim ɗin 1969 labarin yaro ne a garin masana'antu na Kawasaki, iyaye duk suna wurin aiki, shi kaɗai da makulli yake komawa gida, yana mafarkin dodanni don ya huce takaicin masu cin zalinsa. Na 1971 kuwa ya fito fili. Ƙasar na fama da cutar Minamata da ruwan masana'anta ya haddasa, da asma a Yokkaichi, da dagwalon kamfanonin takarda da ya toshe tashar Tagonoura. A Yulin 1970 ɗalibai sama da 40 suka galabaita a filin wata makaranta a Suginami saboda gurɓatacciyar iska, kuma a ƙarshen shekarar majalisa ta zartar da dokoki 14 kan gurɓata muhalli a zama guda. Darakta Banno Yoshimitsu ya ƙera Hedorah, dodon dagwalo da ke hawa bututun masana'anta yana zuƙar hayaƙi kamar mai shan lofe, in ya gifta ta sama 'yan makaranta su zube. Fim ne mai ban al'ajabi, har tashi sama Godzilla ya yi a ciki. Tanaka bai ji daɗinsa ba, Banno bai sake ba da umarnin wani Godzilla ba. A 1975 'yan kallo suka gaza miliyan ɗaya, Toho ta ajiye rigar.

Da aka dawo da shi a 1984 sai da aka ƙara masa tsawo zuwa mita 80, don dogayen benayen Shinjuku sun riga sun shanye mita 50. Yaƙin cacar baka ya yi zafi, don haka a fim ɗin wakilan Amurka da na Tarayyar Sobiyet ne suka tasa firaminista gaba suna neman izinin jefa wa dodon nukiliya a ƙasar Japan, shi kuma ya ƙi. A 1989 tsoron ya koma kan sarrafa ƙwayoyin halitta. Na 1991 ya fi su ban sha'awa, don ya zo ne bayan da kamfanin Sony ya sayi kamfanin fim na Columbia, Mitsubishi ya sayi mafi yawan gine-ginen Rockefeller Center, Amurkawa na ta guna-guni. A labarin, Turawa ne suka zo daga ƙarni na 23 don su karya Japan kafin ta saye duniya. Akwai wurin da dabbar da daga baya ta zama Godzilla ta tattake sojojin Amurka a 1944 a wani tsibirin ƙage mai suna Lagos (a Fasifik yake, ba ruwansa da Ikko), abin da ya jawo surutu a talabijin ɗin Amurka. Kafin surutun ya lafa kumfar arzikin ta fashe.

Holiwud ta ƙirƙiro nata dodon sau biyu, kuma kowane karo ta san inda ta karkatar da laifi. A fim ɗin Roland Emmerich na 1998 gwajin bam na Faransa a tsibiran Polinesiya ne ya haifi dodon. Faransa ba ta da bakin musu, don ta koma gwaji a Moruroa a 1995, kuma ita ce ta tayar da bam a Reggane cikin Sahara a 1960, abin da ya sa Najeriya ta kori jakadanta a Janairun 1961. Amma Bikini ba a hannun Faransa yake ba. A na Gareth Edwards na 2014 an koma Bikini ɗin, sai dai an ce gwaje-gwajen shekarun 1950 yunƙurin kashe dodon ne aka ɓoye. Bam ɗin da ya haife shi a Tokiyo ya zama maganinsa a Kalifoniya.

Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 da igiyar ruwa suka hallaka ko suka ɓatar da mutum sama da 18,000, tukwane uku na tashar nukiliyar Fukushima Daiichi suka narke. Bayan shekara 5 Anno Hideaki da Higuchi Shinji suka fitar da Shin Godzilla, wanda kusan rabinsa taro ne. Wani abu na tahowa ta kogi a unguwar Kamata yana tura ƙananan jirage da motoci a gabansa, daidai yadda mutane suka ga ruwa ya yi a talabijin, su kuwa ministoci suna tashi daga wannan ɗakin taro zuwa wancan, suna neman dokar da ta ba da izini da ma'aikatar da abin ya shafa. Firaminista ya sa shuɗiyar rigar aiki irin wadda jami'ai suka sa a 2011, ya tabbatar wa 'yan jarida cewa dabbar ba za ta iya hawa tudu ba, yana cikin magana aka raɗa masa cewa ta hau. Waɗanda suka ceci birnin ƙananan ma'aikata ne da masanan da ba a damu da su ba, suna kwana a ofis suna cin taliyar kofi, kuma da motocin tura kankare suka ɗura wa dodon maganin daskarewa, irin motocin da aka yi amfani da su wajen zuba ruwa a Fukushima. Ba su kashe shi ba. Ya tsaya a daskare a tsakiyar Tokiyo, mita 118.5, dole a zauna da shi. Fim ɗin ya tara yen biliyan 8.25, ya ci kyautar fim mafi kyau ta Japan.

Godzilla Minus One na Yamazaki Takashi, wanda ya fito ranar 3 ga Nuwamba 2023, ya koma baya zuwa 1945–1947. Jaruminsa matuƙin jirgin ƙunar baƙin wake ne da ya kauce wa mutuwa, ya dawo unguwar da ta zama toka, maƙwabciya na zaginsa don ya dawo da rai. Gwamnati ba ta da wani kataɓus a labarin. Tsofaffin sojan ruwa ne suka haɗu da kansu, kuma injiniyan da ya tsara dabarar ya faɗa musu cewa ƙasar ta yi arha da ran ɗan Adam a yaƙin da ya wuce, wannan karon ba a son kowa ya mutu. Masu sharhi sun rabu. Wasu sun ga fim ɗin ya yi tir da aƙidar sadaukar da rai, wasu sun lura cewa fim ɗin ya yi shiru a kan abin da sojan Japan ya yi a Sin da Koriya da sauran ƙasashen Asiya, kuma wannan suka tana da tushe, don tun 1954 jerin ya fi ƙwarewa wajen nuna Japan a matsayin wadda aka zalunta. Kaneko Shusuke ne ya taɓa karya wannan a 2001, da ya mayar da dodon fushin duk waɗanda yaƙin Fasifik ya ci, yana tambayar dalilin da ya sa aka manta da su.

A bikin Oscar na Maris 2024, ma'aikata 35 da suka haɗa hotunan Minus One da kwamfuta, a kan kasafin da bai kai dala miliyan 15 ba, suka doke manyan kamfanonin Holiwud, karo na farko da wani fim na Godzilla ya ci wannan kyauta. Fim ɗin da ya kwashe kyauta bakwai a daren shi ne Oppenheimer na Christopher Nolan, tarihin mutumin da ya jagoranci ƙera bam ɗin farko. A lokacin ba a ma haska shi a Japan ba. Sai ranar 29 ga Maris ya shiga sinimominta, wata takwas bayan sauran duniya, kuma a Hiroshima wasu sun yi ƙorafin bai nuna abin da ya faru a ƙasa ba. Yamazaki ya gaya wa Nolan a wata tattaunawa cewa ya kamata wani daga Japan ya yi fim ɗin da zai zama amsa gare shi. A Nuwamban 2024 Toho ta sanar cewa Yamazakin ne zai rubuta kuma ya ba da umarnin Godzilla na gaba.